Dutsen da na sa a firizar Hajiya Ladi

Aikin farko na yau: narkar da tsutsar kifi bayan sallar asuba. An yi.

Zuwa ga Yayana Mudi, a Kaduna.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kai da iyali kuna lafiya. A fili na rubuta wannan, ko wani mai kiwon irin kifin nan zai ba ni shawara.

Ranar da ka kwashe iyali daga Sabuwa saboda rashin zaman lafiya, ka tsaya nan Faskari ka sauke mini akwatin gilashin nan da kifayenka na ado. Ka ce, "Isiya, riƙe mini su har hanya ta yi kyau. Tsutsar da ta narke kada ta koma sanyi, guba ce gare su."

Yadda ka koya mini nake yi. Ina ɓallo ƙwaya ɗaya daga daskararriyar tsutsar da kake aikowa cikin kula mai ƙanƙara, in narkar da ita cikin ruwan akwatin a kofi, in tace jan ruwan, in ba su abin da za su cinye nan take.

Duk da haka, Yaya, mai doguwar wutsiyar nan ya mutu. Babban jan da kake kira Sarkin Ruwa kuma ya fara ɗaukar tsutsa yana tofarwa.

Ka san ba mu da firiza. A ta Hajiya Ladi mai zoɓo, maƙwabciyarmu, nake ajiya, kuma ba ta taɓa nuna gajiya da ni ba. Amma kwanan nan ƙwayoyin sun manne da juna, sun yi baƙi-baƙi, kamar sun narke sun sake daskarewa. Ina zargin in an ɗauke wuta ba ta tada janareto. Da na zagaya da maganar, ta yi dariya ta ce, "Malam Isiya, firizata ba ta barci. Kifinka ne ya cika tsirfa."

Wataƙila ni ne nake cika musu abinci. Ban sani ba.

Sai na daskarar da ruwa a gwangwanin madara, na ɗora ƙaramin dutse a sama, na tura shi bayan tsutsar. In ƙanƙarar ta narke, dutsen zai nutse. Yau na duba: yana sama daram. Sai dai wannan ja ne, ni kuwa baƙi nake jin na sa. Na tsaya har sanyi ya kama yatsuna ina tambayar kaina ko ni ne na manta.

Yayana, yaya zan tuhumi matar da ta goya mu muna yara? Yaya kuma zan kalli idonka in nuna maka akwati babu komai? Duk sanda na ga Sarkin Ruwa ya zagayo, kai nake tunawa zaune a shagonka kana yi masa fito.

Allah ya kawo mana zaman lafiya, ya dawo da kai gida ka tarar da shi da rai.

Ƙaninka,
Isiya

Na gobe:
Canza rabin ruwan akwatin.
Hana su tsutsa, a ga ko Sarkin Ruwa zai warware.
Gaida Hajiya, kamar kullum.
Neman wani dutse. In yi masa alama wannan karon.