Tagar Ɗakin Inna

Hayin Banki, Kaduna.
Ranar Laraba.

Zuwa ga Yaya Ashiru,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Anti Bilkisu da yara. Ya ƙarin haƙurinmu? Allah Ya jiƙan Inna, Ya sanyaya makwancinta.

Na rubuto ne don in na kira ka kuka ke cin ƙarfina, kai kuma ka kashe waya. Na saurari saƙon da ka bar mini, wai in daina zancen iska, shago yana nan daram.

Haka ka ce wa Inna bara, ranar da ka jingina shagon nan da bangon ɗakinta, bulo ya toshe taga. Ta ce maka ta nan iskarta take shigowa. Ka yi dariya, ka aiko da fankar da sai an kawo wuta take juyawa.

Kai a bakinka iska abin banza ce. Maganar da ba ta yi maka ba, ta iska ce. Yaro ya ɓata maka rai, ɗan iska ne. Ni ban yi karatu mai nisa ba, amma na yi jinyar mai asma wata goma sha ɗaya a ɗaki marar taga, na san abin da kalmar take nufi. Duk la'asar sai ta ce in kai ta ta sha iska. In riƙo hannunta zuwa ƙofar gida, ta zauna a benci cikin hayaƙin babura, baki buɗe. Da ƙafafunta suka kumbura, wannan ma ya gagara, sai fifita. Ranar ƙarshe ba ta nemi ruwa ba, ba ta nemi magani ba. Iska ta nema.

Ban ce kai ka kashe ta ba, kwananta ne ya ƙare. Amma wahalar nan da hannunka a ciki.

Yanzu Ilham ɗina ke kwana a ɗakin, don ba mu da wani, kuma ka san ƙirjin kakarta ta ɗauko. Shekaranjiya da rana na ji ƙirjinta yana irin kukan da na Inna yake yi. Ba zan zauna in sake kallo ba.

Ni ma ina da gado a gidan nan. Na yi magana da Malam Nura birkila, ranar Asabar da hantsi zai sauke shagon. Ka gaya wa mai haya ya kwashe kayansa. In kuma hanawa za ka yi, ka zo da kanka, ka zauna a ɗakin daga azahar zuwa la'asar tukuna, sannan ka buɗe baki.

A gaida yara, a shafa mini kan auta.

Ƙanwarka,
Uwani.