Abin da Wayata Ta Nuna wa Surukina

Fatakwal.

Suhaib,

Kada ka karanta wannan takarda a tsaye, kada kuma ka fara shirya ƙaryar da za ka yi mini.

Ina fata kana lafiya. Yaya Bappa da ciwon bayansa? Ka gaida Goggo da mutanen unguwar Makama. Yayarka Adda Yusrah da jaririyarta suna lafiya. Ruwa ba ya ɗaukewa a garin nan, ƙafata tana ɗan kumbura, amma ba komai.

Jiya na miƙa wa mijin Yusrah wayata ya duba mini motocin da ke zuwa gida. Yana rubuta Jimeta, sai ga shagunan cacar ƙwallo sun jeru a sama. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Dada, abin da aka fi buɗewa shi waya take sawa a gaba." Ban iya ɗaga ido ba. Ni da kai mun san wanda yake aron wayar nan da sunan karatu.

Wannan surukin nawa ne fa na roƙa ya ɗauke ka aiki a shagonsa, na ce masa hannunka tsarkakakke ne. Tun jiya bai sake tayar da zancen aikin ba.

Allah Ya shirye ka. Ka turo mini man zafina ta hannun Hamman direba.

Daga yau, duk wanda zai taɓa waya a gidana, a tsakar gida zai zauna, fuskar wayar a buɗe, inda kowa zai gani.

Dadarka.