Kada Tanko Ya Shafe Zanen Zaure

Baba,

Na wuce aiki ba ka dawo ba. Sailuba ta kira ta bidiyo daga Sifen, malaminsu na jami'a ya kai su wata tsohuwar fada a Garanada. Wallahi Baba, bango tun daga ƙasa har sama an sassaƙa shi da sunan Allah! Ta nuna wa 'yan ajinsu hoton zanen da Kaka ya yi a zaurenmu, suka yi ta karɓe wayar suna kallo.

Don Allah in Tanko magini ya zo da siminti zai shafe bangon zauren, a ce ya dakata. Ni ma da zan fita sai da na tsaya na kalli bangon.

Umair