Shekara goman da na ara a layi

Kubwa, Abuja

Zuwa ga angona Fu'ad,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, Allah ya yi jagora a karatu. Mu duk ƙalau, Zahra ƙanwarka ta fara koyon ɗinki. Idan rubutuna ya karkace, laifin yanar ido ne: na hagu ya rufe, na dama ma ya fara dishi-dishi.

Kuɗin da ka turo na inshorar lafiya ta kamfani sun iso, Allah ya yi albarka. Sai dai kamfanin ya ƙi ni, wai ba sa ɗaukar wanda ya wuce sittin da biyar. Za ka ce ai shekarata sittin da ɗaya. To zauna ka ji abin da kakarka ta aikata. Ranar da muka je yin katin ɗan ƙasa, layi har titi, rana kamar a soya ƙwai. Na ji an ce tsofaffi su shigo gaba. Sai na ranƙwafa, na ari sandar wani malam, na ce saba'in ba kaɗan. Har kujera suka ba ni! Yanzu kati ya ce saba'in da ɗaya, kuma ba mai sauraron bakina.

Inshorar gwamnati ta babanka mata da 'ya'ya huɗu ta sani, ba ta san wadda ta haife shi ba. Kullum da yamma shi da maƙwabcinmu Zacharias suna bakin ƙofa suna musu. Babanka ya ce gwamnati ta ɗauki kowa ko da za a ƙara haraji. Zacharias ya ce albashin da bai kai tsakiyar wata ba, me za a ƙara yanka a ciki, gara kowa ya nemi kamfaninsa. Matarsa Mabel ta ce su rufe baki, adashin matan kasuwa ya fi, ta saka ni. Na shiga, amma ɗaukata sai bayan wata goma sha ɗaya, likita kuwa ya ce aikin idon kada a ja lokaci. Ni ina tabarma ina jin su, fuskokinsu kamar a cikin hayaƙi.

Ga roƙona. Babanka ya ɗauka ma'aikacin katin ne ya yi kuskure, ya rantse ranar Litinin zai je ofishin ya ɗaga murya. Kira shi ka faɗa masa gaskiya, ni kunyarsa nake ji, kada a ci mutuncin bawan Allah da ya ba ni kujera. Sannan ka turo hotonka babba, na fuska kaɗai, kada ka jira sai hutu. Ina so in ga gemun nan da ake ta ba ni labari tun idon dama yana aiki.

Ka gaida mai masaukinka Justice da abokan karatu. Goggonka Batulu da Zahra suna gaishe ka.

Taka har kullum,
Kaka Hajjo