Akwatin Arzika Ya Riga Shi Gida

Tsibirin aiki, gaɓar Oman
11 ga Yuni, 1977

Zuwa ga uwargidana Turai, unguwar Al-Oud, Riyad.

Sallama da gaisuwa daga mutumin da ya gaji da girkin maza. Ina fatan kina lafiya, ke da autarmu Hansai. Ki gaida maƙwabciyarki Tabawa.

Bayan haka, saƙonki ya iso a jakar kamfani, yaji da kuka da daddawa. Lado ya ce Allah ya saka miki da Aljanna, amma ki sani rabin yajin a cikinsa ya ƙare. Tun muna yara a Tambuwal haka yake, girma bai rage masa komai ba.

Aikin matsayar jiragen ruwa yana tafiya. Ina kan winshi, injin ɗaga kayan nan, daga safe har la'asar, ina sauke siminti da rodi. Teku kam har yau ba mu saba ba. Ruwa iya ganinka, ga shi ba a sha, ba a wanki da shi.

Jiya rediyo ya ce wata babbar guguwa tana tahowa daga cikin teku. Mudir, wato manajanmu, ya kwashe injiniyoyi da leburori a jirgin ruwa zuwa babban gari, ya ce mu huɗu mu zauna mu tsare sito: ni da Lado da wasu 'yan Pakistan biyu. Na ce masa ni direba ne, ba mai gadi ba. Sai ya ce, "Fasfonka yana ina?" Ke ma kin san yana can Batha, cikin Riyad, a hannun kafili, ubangidan da ya kawo mu ƙasar Larabawa. Magana ta ƙare a nan.

Kada ki tada hankalinki. Larabawa da tsoron ruwan sama! Kin dai ga yadda suke rikicewa a Riyad in an yi ɗan yayyafi. Mu da muka tashi muna kallon hadarin gabas yana tuge itatuwa, wace iska za a nuna mana? Za ta zo ta yi haukanta ta wuce, mu share waje.

Ki ce wa Hansai na tara mata katantanwar teku cike da gwangwanin madara. Har yanzu da hagu take kai loma? Ki ci gaba da buge hannun, kada ta girma da shi ta ba mu kunya cikin mutane.

Allah ya sada mu da alheri.
Mijinki, Arzika

*

Cikin sito
13 ga Yuni, da hantsi

Turai, sallama.

Ban san ranar da wannan takarda za ta same ki ba, don babu jirgi, babu jaka. Ina rubutu ne saboda in na zauna haka kawai zuciyata kamar ta faso.

Na janye maganata ta shekaranjiya. Wannan ba hadarin gida ba ne. Tun da gari ya waye iskar take abu ɗaya, ba ta numfasawa. Ɗakunan katakon da muke kwana a ciki sun tashi, ta kafar ƙofa na ga ɗakin girki ya bi iska har da tukwanensa. Allah ya sa tun jiya mun shigo da akwatunanmu nan, don shi sito na bulo ne. Wani tsohon masunci, Salim, ya bugo ƙofa da akuyarsa a kafaɗa, sai da mu huɗu muka haɗu kafin muka iya mayar da ƙofar.

Yanzu ruwa yana shigowa ta ƙasa. Lado ya ɗanɗana ya tofar, ya sa bakinsa a kunnena ya ce, "Arzika, gishiri ne! Tekun ce ta biyo mu." Mun hau kan buhunan siminti. Ƙarar ba ta faɗuwa, Turai. Ina ganin bakin 'yan Pakistan ɗin yana motsi, na san Yasin suke ja, amma ko harafi ba na ji. Ɗazu ƙasa ta girgiza, na ji abin har a haƙorana. Winshina ne ya faɗi.

Tsoro nake ji. Ban taɓa gaya miki haka ba tun da muka yi aure, yau na faɗa. In na rufe ido ƙofar gidanmu nake gani, da igiyar shanyarki. Ruwa ya cinye buhu biyu na ƙasa.

Bayan azahar.

Alhamdulillahi! Turai, ta wuce! Tsit, kamar an kashe inji. Ga rana ta fito, ina ganin sama ta inda kwano ya yaye. Kunnuwana har ciwo suke don shiru. Lado ya rungume ni yana dariya yana hawaye, ƙaton banza.

Kwano biyu sun tafi, sauran sun ɗaga baki. In aka sake ko yayyafi, simintin sama ma ya lalace, mudir kuwa a kanmu zai sauke. Ni da Lado za mu hau mu danne su da bulo, yadda muke yi wa ɗakin Inna duk bayan hadari. Tsohon nan ya riƙe mini riga wai kada mu fita. Ya zana da'ira da yatsa a kan buhu, ya ɗiga tsakiyarta, yana nuna mu, yana nuna ɗaya gefen, wai za ta dawo. Lado ya ce tsufa ne da firgita. Ni ma na ce, hadarin da ya riga ya yi yamma, wa ya taɓa ganin ya komo?

Bari in hau in sauko in ƙarasa miki. Akwai labarin akuyar tsohon nan, sai kin riƙe ciki don dariya. Wato muna kan buhuna

*

Maskat
20 ga Yuni, 1977

Zuwa ga matar ɗan'uwana, Uwar Hansai.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa, da fatan wannan takarda ta same ku cikin ƙoshin lafiya da kariyar Ubangiji.

Bayan haka, wataƙila kun ji a rediyo abin da ya faru a inda muke aiki. Allah ya jarrabe mu, kuma shi ne mai yin yadda ya so da bayinsa. Ɗan'uwana Arzika ya ɗan ji ciwo, an kawo shi asibiti nan babban birni. Jikin da sauƙi. Sai dai ki yi ta addu'a, ki kuma yi haƙuri.

Ga wata takarda da ya fara rubuta miki, na tsince ta a kan buhu, na ga bai kamata in riƙe ba. Kamfani ya rufe wurin aikin, saboda haka za a kawo miki akwatinsa gida. Zai yi kyau ki kira Tabawa ta riƙa zama tare da ke a 'yan kwanakin nan.

Allah ya ba mu ikon cin jarrabawa, amin.
Naku, Lado

*

Al-Oud, Riyad
27 ga Yuni, 1977

Lado,

Wa alaikumus salam. Amsa sallama wajibi ce, na amsa. Gaisuwa kuwa ba ni da bakinta yau.

Direban kamfani ya dire akwatin a ƙofar gida ya ja motarsa, ko idona bai kalla ba. Na buɗe. Rigunansa ne, gishiri ya bushe a jikinsu fari fat, da gwangwanin madara cike da katantanwa. Hansai ta ɗauke shi, da shi take kwana. Sannan na karanta takardarsa har inda ta yanke, na juya bayanta, na ɗaga ta a rana ko akwai saura.

Haba Lado! Ni za ka yi wa wannan? Ni ba yarinya ba ce. Ina tsaye a wurin ranar da Idrisu, mijin Tabawa, ya faɗo daga benen da suke ginawa a Ulaisha. Kalmomin nan naka, su aka kawo mata, ko ɗaya ba ka canza ba: ya ɗan ji ciwo, da sauƙi, ki yi haƙuri. Tana tsugune tana dama masa kunun da za ta kai asibiti, maza kuwa suna kan hanyar dawowa daga maƙabarta. Duk mun sani, muka zauna muna taya ta tankaɗe.

Yanzu ita Tabawar ce a ɗakina. Na karanta mata takardarka, sai ta je ta ɗauko tabarmarta. Tun ranar mata ke shigowa da kwanonin abinci, su zauna, su yi ƙasa da murya. Ba mai cewa Allah ya jiƙansa, ba kuma mai cewa Allah ya ba shi lafiya. Jiya wata ta kalli lallen ƙafata ta kau da kai.

Na je ofishin kamfani a Batha, Malam Inuwa ɗalibin jami'a ya raka ni don ya yi mini tafinta. Mun wuni a benci. Daga ƙarshe magatakarda ya leƙo ya ce "bukra," wai gobe. Mun koma goben, ya sake cewa bukra.

Na san al'adarmu ce, ba a jefa wa mace mutuwa a takarda, sai an lallaɓa. To na yafe maka lallaɓawar. Ita ce ke kashe ni. Ba na ci, ba na barci, in yaro ya buga ƙofa sai in zabura in buɗe. In maigidan ya rasu, ka rubuta mini ranar da wurin da kuka sa shi, in san daga inda takabata ta fara, in cire 'yan kunnen nan, in yi kukana kamar kowace mace. In kuma yana raye, kada ka rantse mini, don an yi wa Tabawa rantsuwa ina ji. Rubutunsa nake so. Ba naka ba, ba na likita ba. Layi ɗaya ya ishe ni, na san hannunsa.

Ka ji tsoron Allah ka amsa mini da wuri.
Turai

*

Asibiti, Maskat
5 ga Yuli, 1977

Uwar Hansai,

Sallama. Takardarki ta hana ni sukuni. Kin hana ni rantsuwa, to ga magana tsirararta.

Tsohon ya yi gaskiya. Ashe ita guguwar teku rami gare ta a tsakiya, shirun da muka gani muna cikin ramin ne, rabinta yana baya. Mu ina muka san wannan? Arzika yana sama, ni ina kan tsani ina miƙa masa bulo. Mun danne gefe ɗaya, har yana tsokanata wai na fi ƙarfi a gaban akushi. Sai na ga wani baƙin bango ya taso daga inda ba mu zata ba. Na ce, "Arzika, sauko!" Ya ce, "Saura ɗaya, miƙo!" Ban miƙa ba. Iska ta ɗauke ni da tsanin ta maka da ƙasa.

Da na ɗago, na hango shi kwance a kan rufin, ya ƙanƙame ƙarfen ginin da hannun dama. Kwanon da muka danne ya fizge, bulo da komai, ya biyo ta kansa. A hannun ya same shi, ƙasa da gwiwa.

Ya zamo ya faɗo cikin ruwa. Ni da tsoho Salim muka ja shi da rarrafe zuwa ciki. Tsohon ya kwance igiyar akuyarsa ya ɗaure masa dantse tam, likita ya ce ita ta tsayar da jinin. Haka muka zauna a kan buhuna, kansa a cinyata, rabin rufi babu, ina kiran sunansa don kada ya yi shiru, har iska ta gaji. Washegari jirgin soja ya ɗauko mu.

Likitoci sun yi iya yinsu, hannun bai tsira ba. Da ya farfaɗo ya gani, ya sa na yi masa alkawarin ba zan gaya miki ba, wai shi zai faɗa da bakinsa in ya zo. Na rasa yadda zan yi, sai na ɗauko irin maganar da muka saba. Sam ban tuna da Idrisu ba. Ki yafe mini.

Kin ce kin san hannunsa. Uwar Hansai, hannun da kika sani babu shi. Na karanta masa takardarki, ya juya fuska bango, sannan ya ce a ba shi biro. Na ce in rubuta ya sa hannu, ya daka mini tsawa. Tun safe yake fama, gumi sharkaf, ya yayyaga takardu da yawa. Ga wadda ya yarda a aiko.

Lado

*

Turai, sallama.

Ni ne. Ina nan da raina. Da hagu nake yi, shi ya sa ya karkace.

Ki bar 'yan kunnenki a kunne. Ki sallami mata, ki gode musu. Tabawa ta yi haƙuri, mun tada mata tsohon ciwo.

Akuyar nan, hular Lado ta cinye muna kan buhuna, yana kallo, tsoro ya hana shi ƙwacewa. Na ce zan ƙarasa miki.

Ban san aikin da zan yi ba yanzu. Sai na zo mu yi magana.

Ki daina buge hannun Hansai. Mun zama mu biyu.

Mijinki, Arzika