Ranar Fareti da Na Sace wa Kofur

Zuwa ga Kofur, kakana, abokin faɗana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Ko kana da rai ma ba karantawa za ka yi ba, tunda idanunka sun riga ka tafiya da shekara uku. Amma sai na rubuta, don in ban amayar da abin da ke cikina ba, wallahi fashewa zan yi. Ƙara na kawo, kuma kai nake ƙara.

Haba Kofur! Haba tsoho! Wata goma sha ɗaya? Mutum da furfurarshi, da jikoki cike da gida, a ce shi zai yi wa yaro irin wannan?

Bari in fara ba ka labarin gida kafin raina ya ƙara ɓaci. Iya tana nan lafiya lau, matar tawa da ka riƙe mini shekara da shekaru. Yanzu fili ya zama nawa, amma kullum zancenka take yi. Ita ma zan zo kanta, don da ita aka haɗa baki. Jar akuyarka ta haifi biyu. Dawa ta yi kyau bana a gonar gindin dutse. Ni kuma ina nan ina kabu-kabu da babur ɗin da kake cewa kukanshi kamar tarin tsohon saje.

To, mu koma kan ranarka. Sha biyar ga Janairu. Akwai wanda ya tashi a gidan nan bai haddace ta ba? Mu a makarantar allo an koya mana ranar Ashura, ranar da jirgin ɗufana ya sauka, ranar da teku ta tsage aka nutsar da Fir'auna, duk a rana guda. Na zo ina ba ka labari da murnata, sai ka ce ai kai ma kana da irin ta. Ka ce a ranar ce soja suka fara juyin mulki a ƙasar nan, aka wayi gari an kashe manya. Ka ce bayan shekara huɗu cif, a ranar dai, aka ajiye bindiga, yaƙin basasa ya ƙare. Ka ce shi ya sa gwamnati ta ware ta don tunawa da mazan jiya. Ranar da aka kunna wutar, ranar aka kashe ta. Sau nawa na ji wannan? Ko Fatiha ban ji ta kai haka ba a bakinka.

Kuma da ka tsaya a nan, da sauƙi. Ina! Sai da ka kwaso harkokin gidanka kaf ka loda wa ranar. Aurenka da Iya, ka sa an ɗaga shi har wata biyu don ya faɗo a kanta. Kekenka na farko, a ranar ka saya. Rufin kwano, a ranar aka buga kusar farko. Ni kaina kaciyata a ranar ka sa aka yi, ina ihu kana gaya wa wanzami wai na shiga tarihi. Wane irin tarihi ne wannan, don Allah?

Amma na san abin da ya fi maka duk waɗannan. Baba Bitrus na Dabai. Mutumin da ya goya ka a bayanshi cikin daji lokacin da harsashi ya same ka a cinya, ya yi wuni guda yana tafiya da kai. Kun yi alkawari ranar da yaƙi ya ƙare, cewa duk shekara a wannan rana za ku haɗu a filin da tsofaffin sojoji ke taruwa, ku ƙame kafaɗa da kafaɗa in an busa begila. Shi da cocinshi, kai da masallacinka, fiye da shekara hamsin ba wanda ya taɓa fashi. Sai wadda ta wuce.

Ga abin da ban gaya maka ba, ko kuma abin da nake zaton ban gaya maka ba.

Tun da idonka ya rufe, ni kake tambaya kwanan wata. Ni! Duk gidan nan ka rasa wanda za ka amince wa sai wanda ya taɓa zuba maka gishiri a shayi, ya ɗaure maka igiyar takalma biyu wuri guda. To, ranar sha biyar da safe ka kira ni, Kurtu, kamar yadda ka saba, ka tambaye ni nawa ga wata. Sai shaiɗan ya kama bakina na ce sha huɗu. Na ma riga na zare batir ɗin rediyonka tun kafin ka idar da lazimi. Niyyata in bar ka ka sha kokonka a natse, sannan in faɗa maka gaskiya, in ga yadda za ka zabura kana neman wando kana zagina. Dariya kawai nake so, Allah ne shaidata.

Ina fitowa ƙofar gida sai ga fasinja, wata mata da ɗanta ba lafiya, za su Mahuta. Na ce yanzu zan je in dawo. A hanyar dawowa taya ta yi faci inda babu gida babu mai faci. Na tura babur ɗin nan har ƙafata ta yi bororo. Ban shigo Zuru ba sai bayan la'asar. An yi fareti an watse, har an kwashe kujeru.

Na same ka zaune a bakin zaure kana jan carbi. Ka tambaye ni cikin sanyin murya ko gobe ce ranar, in wanke babur da wuri. Na ce e. Washegari ka sa na goge maka kaki, na share takalma har ina ganin fuskata a ciki, na jera maka lambobinka a ƙirji. Ka zauna tsaf kana jira. Ni kuwa ina zaga babur ina zufa, ina kwance abin da lafiyarshi lau. Daga ƙarshe na ce maka inji ya ƙi tashi. Ka ce ba komai, Allah ya kai mu baɗi.

Bayan sati uku ka rasu.

Ka san abin da wannan ya yi mini? Ka sani? Ni da ba a raba ni da dariya, sai da abokaina a tasha suka fara tambaya ko aljanu ne suka shafe ni. Kullum abin da ke raina shi ne na sace wa makaho ranarshi ta ƙarshe, na sa ya karya alkawarin shekara hamsin, na bar amininshi tsaye a fili yana waige-waige. Da Baba Bitrus ya zo ta'aziyya, ina hango sandarshi na tsallake katanga ta baya. Wata goma sha ɗaya, duk fasinjan da ya ce Dabai sai in ce ba mai. Na yi maka saukar Alƙur'ani har sau uku, ni da malam ya sha bi da bulala kafin in kai izu goma. Tuwo ba ya wuce mini. Iya tana kallona ina ramewa, iyakarta ta ce in ƙara miya.

Shekaranjiya aka yi Kirsimeti. Sai ga kwanon shinkafa da nama daga Dabai, kamar yadda yake aiko maka duk shekara, kamar ba ka mutu ba. Na kasa kai loma. Jiya Iya ta wanke kwanon, ta zuba ƙuli-ƙuli a ciki, ta ce ni zan mayar, kuma hannu da hannu. Na kawo uzuri bakwai, ta rushe su duka. Na hau babur kamar mai zuwa gaban alƙali.

Na same shi a gindin mangwaro yana gyaran lauje. Na durƙusa, na ajiye kwano, na kwashe komai na faɗa mishi. Batir, sha huɗu, faci, injin ƙarya. Na ce kada ya riƙe ka a zuciya, ba kai ka saɓa ba, ni ne. Ina magana hawaye na zuba, ni ƙato da gemu ya fara fito mini.

Kofur, dariya ya yi. Dariya! Ya yi ta har ya sarƙe, tari ya kama shi, sai da matarshi ta kawo ruwa. Ita ma da ta ji abin da ake ciki ta riƙe ciki ta koma ɗaki. Ina durƙushe kamar an dasa ni.

Da ya samu numfashi sai ya tambaye ni ko na san gwangwanin madarar da ke ƙarƙashin gadonka. Na ce na sani, na tsakuwa, wanda muke cewa rikicin tsufa ne. Ashe lissafinka ne! Ashe daga ranar da kwanon Kirsimeti ya iso, kullum bayan asuba sai ka jefa tsakuwa ɗaya, in ta cika ashirin da ɗaya ranar fareti ta zo. Ya ce da gyaɗa kake yi a da, ka koma tsakuwa saboda wani ɓera mai ƙafa biyu yana cinye maka kwanaki. To wa ya ce ka ajiye gyaɗa inda hannuna zai kai?

Wato lokacin da nake cewa sha huɗu, kai ka riga ka ƙirga ashirin da ɗaya da yatsunka. Ka san ƙarya nake. Ka karɓe ta hannu biyu. Ina fita ka ba Iya hularka ta soja, ta shiga mota ta kai mishi har filin. Ka ce ta gaya mishi ƙafa ta ƙi, ba za ka iya ƙamewa ba ko na minti ɗaya, kuma mutumin da ya goya ka sau ɗaya ba zai sake ganin an ɗauko ka kamar buhu ba. Ka ce ya riƙe hular a ƙirjinshi in an busa begila, ta tsaya a madadinka. Ya ce haka ya yi. Ya ce ba a yi fashi ba, ku biyu kuka tsaya.

To me ya hana ka faɗa mini? Me zai ragu a jikinka in ka ce, Kurtu, bana ba zan iya ba? Ni ne fa nake kai ka bayan gida, nake yanke maka farce. A gabana ne za ka ji kunya? Sai ka ɓuya a bayan ƙaryata, ka bar ni da dakon ta. Har da sa ni guga! Har da jera lambobi! Kana zaune kana jin ina kwance inji mai lafiya, na tabbata cikinka har ciwo yake don danne dariya.

Kuma bai ishe ka ba sai da ka bar wasiyya. Wai kada wanda ya gaya mini, Iya ko Baba Bitrus, sai ranar da na tako da ƙafata na faɗi gaskiya. Wai a ranar a ba ni hular. In ban zo ba, a binne shi da ita. Baba Bitrus ya ce kai ka ce wata uku zan yi, shi ya ce shida. Duk na ba ku kunya. Ya ce saura kaɗan ya fid da rai, don shi ma ba yaro ba ne, kuma bai shirya shiga kabari da hular wani ba.

Na dawo gida na tsare Iya. Ko a jikinta. Ta ce umarnin Kofur ne, ita matar soja ce. Na ce to na sake ta, saki uku. Ta ce in je in ci tuwona. Na ci, Kofur. Malmala uku na ci.

Ga hular nan a kaina ina rubutun nan. Ta yi mini yawa, tana rufe mini kunne, kuma har yanzu warin man da kake shafawa bai fita ba. Na jawo gwangwanin daga ƙarƙashin gado, na juye, na sake farawa. Yau biyu. Saura sha tara. Ranar da ta cika zan je Dabai da sassafe in ɗauko Baba Bitrus, in ya so taya ta fashe, a bayana zan goyo shi. Ban san yadda ake ƙamewa ba, ya ce zai koya mini, wai kurtu bai wuce horo ba.

Kuma tunda kana son tara abubuwa a rana guda, ga ƙari ka sa a jerin naka. Juyin mulki, ƙarshen yaƙi, aurenka, kekenka, kaciyata, da ranar da makaho ya yi wa mai ido biyu wayo.

Ban huce ba tukuna, kada ka ɗauka na huce. Amma na yafe maka, kai ma ka yafe mini gishirin da gyaɗar da sauran waɗanda ba ka gano ba, in akwai. Allah ya jiƙanka, ya haskaka makwancinka, ya ba ka ƙafar da za ka ƙame da ita a inda babu ciwo. Sai mun iso.

Ni ne wanda ka kayar,
Kurtunka, Nafi'u