Yayana Ya Sa Tarakta Ta Share Iyakar Gonarmu

Wani ɗan uwa ne daga ƙasar Daura ya turo wannan, ya ce a sakaya sunansa.

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Admin sannu da ƙoƙari. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku yi haƙuri da tsawon rubutun, ni karatuna a firamare ya tsaya, kuma in na taƙaita magana sai in riƙa jin kamar na ɓoye wani abu na zalunci wani.

Ni manomi ne a wani ƙauye a hanyar Dutsi, da rani kuma ina taɓa ɗinki. Tun rasuwar Baba ni ke riƙe da gida da mahaifiyarmu, Inna. Ina da wa uwa ɗaya uba ɗaya, ma'aikaci ne a Abuja, Yaya Alhaji muke ce masa. Mutumin nan ya yi shekaru ba ya kwana biyu cikakku a garin nan, sallah ma sai dai aike, amma bana da aka ba yara dogon hutu sai ga shi da mota shaƙe da kaya, shi da matarsa Hajiya da 'ya'yansu, wai sun zo su yi damina a gida yara su san asalinsu. Asalin nan da alama a cikin waya yake, domin tun da suka sauka har suka tafi ban ga abin da suka kalla da idonsu kai tsaye ba, komai sai ta bayan gilashin waya. Na san wani zai ce gulma nake yi, wallahi na juya wannan a raina sosai kafin in rubuta, shi ya sa ban kama sunan kowa ba, kuma yaran ba na ganin laifinsu, abin da aka nuna musu suke yi.

Yanzu da damina ta yi sallama nake zama in tuna abin da aka yi a gidan nan, in rasa dariya zan yi ko takaici. Kullum da safe Hajiya za ta fito ta sanar da cewa yau ranar kaza ce. Ranar tarihi aka kwashi jiki sai rijiyar Kusugu, aka ja guga aka yi hoto, da aka ce to a kurɓi ruwan sai ta ce a'a, yaranta sai na roba. Ranar kasuwa aka je Mashi, Yaya ya tsaya yana taya raƙumi kamar gaske, dillali ya haɗa gumi yana ta rantsuwa, ashe so yake a ɗauke shi riƙe da akala. Suka ƙare da sayen ɗan akuya, yara suka raɗa masa suna suka ɗaura masa ƙyalle a wuya, yana nan sun bar mini shi yana cinye mini dusa. Ranar fura kuwa Hajiya ta ɗaura zani a kan doguwar riga, ta ɗaga taɓarya ta sauke har aka gama bidiyo, sannan ta miƙa wa matata ta ce hannunta ya yi ja. Da yamma sai ga shi a gurup ɗin danginmu, wai furar da ta daka da hannunta. Matata kuwa duk damina tukunya biyu take ɗorawa, domin tuwon da muke ci wai yana yi wa yaran nauyi. Ranar da aka yi mamakon ruwa katangar bayan gida ta zube, ni ina cikin laka ina jera buhunan ƙasa kada ruwa ya shiga ɗakin Inna, su suna zaure da kofunan shayi suna ɗaukar ruwan sama, Yaya yana cewa irin wannan yanayin ba a samunsa a birni. Duk wannan na shanye, na ce baƙi ne, hutu zai ƙare.

Abin da ya hana ni sukuni ranar noma ce. Muna da wani yanki a ƙarshen gandunmu, can nesa da gari, da na bari bana ban shuka ba saboda ƙarfina bai kai ba. Yaya ya ce a ba yara su shuka wake a wurin, na ce to, lokacin shukar wake ne dama. Wannan yankin ya yi iyaka da gonar wani dattijo, zan kira shi Baba Ilu, aminin mahaifinmu ne tun suna samari. Bana shi ma bai yi noma ba, ciwon ƙafa ya kai shi Kano wurin 'yarsa tun kafin ruwan farko. Ga waɗanda ba su sani ba, mu nan ba siminti muke kafawa a iyakar gona ba, gamba ake dasawa, ciyawar nan mai tsawo da ake saƙa zana da ita. Ba mai kai mata fartanya. In kaka ta yi masu gonakin biyu su haɗu su yanke ta su raba dammunan, saiwar ta zauna a ƙasa ta sake tohowa. Tamu Baba ne da Baba Ilu suka dasa ta da hannunsu, tun ba a haife ni ba.

Sai aka yi wa matata rasuwa a Mashi, muka tafi zaman makoki. Kafin in dawo an yi aikin. Hajiya ta je ta ga gambar ta ce ita yaranta ba za su shiga inda macizai ke ɓuya ba. Yaya kuma ya ce shi ba zai jira garmar shanu ba, ɓata lokaci ne, ya ɗauko tarakta daga cikin Daura. Direban baƙo ne, ya tambaya ina zai tsaya, wani da ke wurin ya ce mini Yaya da makullin mota ya nuna masa, ya ce, "Bi da ita har can, duka ka share." Tarakta ta tumɓuke gambar har saiwa, ta wuce cikin gonar Baba Ilu da ke zaman saura ta yi ta huɗa, aka sa wa yara takalman roba da malafa suka watsa iri, aka yi hoto. Abin da ya fi ƙona mini rai, ba wai Yaya bai san mece ce gamba ba. Wannan mutumin da kansa ya sha ɗauko dammunanta a ka yana bin Baba a baya. Amma yau ta zama ciyawar macizai saboda Hajiya ta faɗa.

Da na je na gani sai na juyo neman Yaya. Na same shi bayan la'asar na faɗa masa cikin ladabi, sai ya yi dariya ya ce, "Ustazu, ka fara ko? Gonar da aka yasar mun gyara masa ita kyauta, ai godiya zai yi mana." Na ce a kira 'yar Baba Ilu a waya a shaida musu, ya ce in bar masa, shi babba ne, kafin ya tafi zai daidaita komai. Na yi ta tuna masa har ya fara ɗaure mini fuska. Aka koma makaranta, suka loda mota da gero da kaji da man shanu, aka rungumi Inna aka yi hoton bankwana, bai kira kowa ba.

To waken ya yi kyau, kyau na ban tsoro, kuma mafi kyawunsa a ɓangaren Baba Ilu yake, domin ƙasarsa ta huta kuma shanun Fulani sun zauna masa a kai da rani. Mutanen da ke wucewa ta wurin sun ɗauka aro ya ba mu. Wani ya tare ni a hanya ya ce ashe Baba Ilu ya ba ku aron gona bana, na yi kamar tari ya sarƙe ni na wuce, har yau ina tunanin ko wannan shirun ma ƙarya ce. Kuma ni kaina yanzu ban san inda iyakar take ba. Gambar ba miƙe take ba, ta ɗan lanƙwasa ta wajen wata bishiyar ƙirya. Na je na tsaya na duba ta gabas na duba ta yamma, yau in ce nan ce, gobe in ce a'a ta fi nan matsowa. Wanda ya san ta da gaske a duniya yanzu mutum ɗaya ne, shi ne mai gonar.

Na hana matata tsinko ko ganye ɗaya daga wurin, na hana a yanko wa awaki harawa. Rannan 'yata ƙarama ta bi ni gona ta ɓare ɗanyen wake ta ci kafin in ankara, na rasa daga wace kunya ta tsinko, wuni na yi abin yana cina. Yanzu waken ya bushe ya fara fashewa yana zuba ƙasa. In na rora ina tsoron na ci haƙƙin maƙwabci, in na bari ina tsoron na wulaƙanta abinci. Ita kuwa Hajiya kullum saƙo a gurup, wai yaushe za a turo waken yaranta, ta riga ta yi wa ƙawayenta alkawari, kuma yaran za su kai makaranta su nuna abin da suka noma da hannunsu. Wanda ya yi noman farko da na biyu ya yi feshi ba a ma tambayar ko yana da hannu.

Da na matsa wa Yaya a waya sai ya ba ni abin da shi yake ganin mafita ce. Wai in samo saiwar gamba a wani wuri in dasa inda na ga ya dace, tsoho ne ba zai tuna ba, ko ya tuna ma ƙafa ba za ta kai shi ba. Mutum mai digiri, mai zuwa Umra, ya faɗi wannan yana tauna wani abu a baki. Na ce masa Yaya ba zan iya ba, ya ce matsalata kenan tun ina yaro, komai sai na mai da shi tashin alƙiyama, ya kashe waya. Bai tsaya nan ba ya kira Inna.

Nan abin ya fi yi mini nauyi. Baba Ilu yana da ɗa mai fataucin dabbobi a Nijar, mutum ne mai zafi, kowa ya san ba ya jin wuyar zuwa gaban alƙali, ko a kan jaki ya taɓa kai wani. Inna ta kira ni ɗakinta tana hawaye, ta ce so nake a tsayar da ɗan uwana a kotun shari'a kamar ɓarawon gona, mutumin da garin nan ke alfahari da shi? Na ce Inna ba tona masa asiri zan yi ba, haƙuri zan je in bayar, in ce a zo a nuna iyaka a ɗebi abin da ya shiga. Ta ce in na buɗe baki magana ta fita hannuna, kuma ita ba ta yarda ba, in na je to kada in ƙara aiko mata da tuwon gidana. Inna ba ta taɓa faɗa mini irin wannan ba tun da nake. Na je wurin wani malami na tambaya ba tare da kama suna ba, ya ce sha'anin iyakar ƙasa ba abin wasa ba ne, kuma ba a bin iyaye a kan zalunci, amma in bi uwa a hankali. Ya bar ni da a hankali, ni kuwa na rasa ta inda ake kama wannan a hankalin. Salla ma yanzu sai in tsinci kaina a raka'a ta uku ina auna kunyoyin wake.

Makon jiya Baba Ilu ya dawo, da sanda yake tafiya. Bayan sallar Juma'a ya riƙe hannuna a ƙofar masallaci ya tambayi Inna da yara, ya ce ya ji Alhaji ya zo hutu, Allah ya yi masa albarka da bai manta gida ba. Sannan ya ce, "Ɗana, bana ƙafa ta hana ni ganin gona, amma gamba ba ruwanta da ciwon ƙafa. Ran Asabar ta sama yaron nan zai iso daga Nijar ya ɗora ni a babur, kai dai ka wasa laujenka. Kuma kada ka yi mini halin ubanka, ya kwashe dogayen ya bar mini gajeru." Ya yi dariya har yana dafa kafaɗata. Ni kuma na buɗe baki na ce, "Allah ya kai mu, Baba."

Jama'a, wanda ya yi ɓarnar yana Abuja cikin sanyin ofis yana jiran buhun wake, ni aka bari da tsoho mai sanda da uwa mai kuka. Dasa gambar ƙarya dai ba zan yi ba ko za a yanka ni. Amma in na je na faɗa, na saɓa wa Inna, kuma ban san inda ɗan nasa zai kai maganar ba. In na yi shiru, dattijon nan zai sauka daga babur da laujensa ya tarar da fili. Masu ilimi da masu iyaye a raye, ku faɗa mini gaskiya ko da ba za ta yi mini daɗi ba. In je in durƙusa gaban Baba Ilu tun ɗansa bai iso ba, ko da Inna za ta juya mini baya? Ko akwai wata hanyar da zan bi da ita da ban gano ba? Asabar ɗin nan ce mai zuwa.